Na'urar awon hawan jinin da na saya wa Hajiya: abin da na gani bayan wata 14

Hajiyarmu ta yi fiye da shekara 20 tana uwar adashi a layinmu, kuma ban taɓa ganin ta riƙe littafi ba. Mata 18 ne ke zubi duk Juma'a. Ta san wadda ta kawo, ta san wadda ta ce a ɗaga mata ƙafa zuwa Lahadi, ta san su wa suka yi musayar kwasa saboda bikin 'ya. Duk a ka. Ranar da ta ba mace ɗaya kwasa sau biyu a jere, ta kuma rantse ba ta ba ta ba, ranar gabana ya fara faɗuwa. Maƙwabta suka ce gigin tsufa ne. Shekarunta 68 a lokacin, alhali yayarta da ta ba ta shekara 6 har gobe ita ke lissafin cefanen gidanta.

Na kawo wannan ne don a san abin da ya kai malamar firamare irina ga rubutu a kan na'urar awon hawan jini. Ba zan faɗi sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, domin ba wanda ya biya ni kuɗin talla, kuma akwai wuraren da zan yi ƙorafi. Zan dai siffanta ta yadda duk wanda ya shiga kantin magani zai gane irin wadda nake nufi.

Wata biyu bayan rikicin adashin, wata safiya tana shan koko sai kofin ya suɓuce mata. Bakinta ya ɗan karkace, maganarta ta yi nauyi kamar mai tauna goro. Kafin Yaya ya iso daga shago, minti 20 ko ƙasa da haka, komai ya koma daidai. Aka yi mata tofi, aka ce iska ce ta gifta, muka yi hamdala muka ci gaba da harkokinmu. Sai da muka ƙara wata guda kafin muka kai ta asibiti, shi ma don tafiyarta ce ta canza, tana jan ƙafa da 'yan gajerun taku. Wannan jinkirin har yau yana ci mini rai.

Awon farko da aka yi mata a asibiti ya nuna 178/102. Shekara 11 ke nan da aka fara ce mata tana da hawan jini, amma tsarinta shi ne sai kanta ya sara take shan magani, in ya lafa ta tura kwalin ƙarƙashin katifa. Aka yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Likitan ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa ya nuna mini wasu fararen dabbare-dabbare da 'yan ɗigo nan da can, sannan ya tambaye ni, "Malama, kin taɓa zuwa Kadawa lokacin noman rani?" Na ce na sha zuwa. Ya ce to, babban magudanin da ke kawo ruwa daga Tiga bai toshe ba a kan Hajiya. Ƙananan hanyoyin da ke kai ruwa cikin fangali su ne suka cushe, ɗaya bayan ɗaya, kuma duk fangalin da ruwa ya daina isa gare shi ya bushe. Abin da ya faru ranar kokon kuwa, ya ce gargaɗi ne: jini ya tsaya wa wani sashe na ɗan lokaci sannan ya wuce.

Daga baya na zauna na karanta abin da kyau, tun da koyarwa ce sana'ata, ba na iya riƙe abu sai na gane shi. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke rabawa, kuma ba ta da rumbun ajiya. Abin da jini ya kawo yanzu, shi take ci yanzu. Jijiyoyin da ke shiga can cikinta sirara ne ƙwarai, kuma idan jini ya yi shekaru yana dukan bangonsu da ƙarfi, bangon yakan yi kauri ya yi tauri, hanya ta tsuke. Mantuwar da ke biyo bayan wannan ita ce ta biyu a yawa bayan cutar mantuwa da ake kira Alzheimer, kuma sau da yawa a kan samu biyun tare a kan mutum ɗaya. Ta Hajiya ba ta fara da manta sunaye ba. Har yau ta san jikokinta 14 da sunansu da na wanda aka yi wa takwara. Jera abu bi da bi shi ne ya gagare ta. Na taɓa samun ta a madafa riƙe da muciya, tukunya na tafasa, ta tsaya cik ba ta san ko ta yi talge ko ba ta yi ba, matar da ta tuƙa tuwon gidan mutum 20 shekara da shekaru. Kuma abin ba a hankali yake tafiya ba, kamar saukowa daga bene yake: ta zauna a mataki ɗaya wata uku, sai wata rana a wayi gari ta sauko wani.

Likita bai ɓoye mini ba. Abin da ya bushe ya bushe. Aikinmu shi ne mu hana sauran fangalin bushewa, kuma ba za a yi wannan da awon da ake yi sau ɗaya a wata uku ba, bayan ta sha layi da zafi. Ya ce in nemi na'ura a gida.

Ta farkon da na saya ta tsintsiyar hannu ce, 'yar ƙarama kamar agogo, saboda ta fi sauƙin kuɗi. Araha ba ta ado. Ta ba ni 124 a lambar sama, bayan minti biyu ta ba ni 165, a hannu ɗaya, a zama ɗaya. Don in yi mata adalci, irin waɗannan sai hannu ya tsaya daidai saitin zuciya kafin su faɗi gaskiya, kuma Hajiya ba mai tsayar da hannu wuri ɗaya ba ce. Tana cikin durowa yanzu.

Wadda nake magana a kanta ta damtse ce. Kuɗinta ya kusa ninka na waccan sau uku. Ba zan faɗi adadi ba don farashin yana bin dala, abin da na biya bara ba shi ne na yau ba. A cikin kwalin akwai na'urar kanta, girmanta bai wuce ƙaramin burodi ba, da maɗaurin damtse mai tiyo, da jaka mai zif, da batir huɗu na AA. Maɗaurin an rubuta 22 zuwa 42 a jikinsa, wato santimitar kaurin damtsen da yake iya ɗauka. Wannan lambar ku duba ta kafin komai. Idan maɗauri ya yi wa damtse kaɗan, awon yakan haura gaskiya. Idan ya yi yawa, yakan gaza. Ni da tef ɗin tela na auna damtsen Hajiya kafin in fita daga gida. Akwai kuma shafin STRIDE BP a intanet, inda ake jera na'urorin da aka gwada aka tabbatar da ingancin awonsu. Ina tsaye a gaban kanta na duba lambar ƙirar a wayata, mai kantin yana ta kallona kamar na zo bincike.

Maɓalli ɗaya ne babba, a danna ta fara, a danna ta tsaya. Lambobin manya ne, ko ba gilashi ina karanta su: ta sama, ta ƙasa, sai bugun zuciya. Tana nuna alama idan ba a ɗaura maɗaurin daidai ba, tana nuna wata idan mutum ya motsa. Akwai ɗan makunni a gefe mai lamba 1 da 2, don mutum biyu su yi amfani da ita ba tare da awonsu ya cakuɗe ba, kowa tana riƙe masa awo 60. A ranar asibiti ta gaba na tafi da ita, ma'aikaciyar jinya ta auna Hajiya da tasu, muka jira kaɗan muka auna da tawa. Bambancin bai wuce 4 ba. Tun daga ranar na yarda da ita.

Yanzu ga ƙorafina. Takardar bayanin ta zo da harsuna rututu, babu Hausa ko layi ɗaya, kuma rubutun ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Akwai ramin sa wayar lantarki a jikinta amma ba a sako wayar a kwali ba, sai an saya daban, kuma na zaga kantuna uku ban samu ba. Batir ɗin da ake sayarwa a tebur a bakin titi ba sa wuce mata mako uku, ga shi da zarar sun fara sanyi sai ta hura maɗaurin rabi ta tsaya. Masu tsadar, waɗanda aka rubuta alkaline a jikinsu, sukan kai ni wata huɗu. Duk lokacin da na canza batir sai na sake saita kwanan wata, in na manta kuwa awon da ta ajiye ya zama ba rana ba wata. Fuskarta ba ta da haske, don haka awon asuba in babu wuta sai da fitilar waya a haƙora. Sannan maɗaurin ya yi wa Gwaggo yawa, ita siririya ce, damtsenta bai kai 22 ba; akwai ƙarami da ake sayarwa daban, shi ma sai an sa an kawo.

Babbar wahalar dai ba daga na'urar take ba. Ƙa'idar awo ita ce mutum ya zauna minti 5 shiru, ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur ko matashi daidai ƙirji, mara ba fitsari, kuma ba magana. A yi sau biyu, da tazarar minti ɗaya. Ba shayi mai ƙarfi ko kofi minti 30 kafin nan, kuma goro ma yana ciki, abin da takardar ba ta faɗa ba saboda waɗanda suka rubuta ta ba su san Hajiya ba. Makon farko da zarar maɗaurin ya fara matse ta sai ta ce, "Ke, wannan abin zai karya mini hannu," ta fizge, na'ura ta nuna kuskure. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce carbi. Nakan ba ta shi a hannun dama ta ja a zuci, in ɗaura a hagu, kafin ta kai ƙarshen zagaye an gama. Lokacin ma na haɗa shi da salla: bayan asuba kafin ta sha magani, da bayan isha'i kafin ta kwanta. Abin da aka jingina da salla shi ne abin da bai ɓace mata ba.

Ni ma na yi nawa shirmen. Watan farko sau shida nake auna ta a rana, in na ga 150 hankalina ya tashi in sake, in sake, har ita ma ta fara tsorata. Likita ya ga littafin ya yi dariya ya ce awo ɗaya ba ya yanke hukunci, jini yana hawa yana sauka a yini. Abin da yake so shi ne safe da dare na kwana 7 kafin ranar ganinsa, sauran lokaci kuma sau biyu ko uku a mako.

Littafin nan, ɗan littafin rubutu mai shafi 40 irin na ɗalibaina, ya fi ajiyar cikin na'urar amfani, domin a gefen kowane awo nakan rubuta abin da ya faru. Sau uku ya yi mana rana. Na farko, bayan jinin ya zauna wajen 135, sai ya koma 160 da 'yan kai har mako biyu ba dalili. Da na zazzage jakarta sai ga maganin ciwon gwiwa, diclofenac, wata ƙawarta ce ta ba ta don ta ga ya yi mata aiki. Irin waɗannan magungunan ciwon gaɓɓai suna ɗaga jini, suna kuma rage ƙarfin maganin hawan jini. Na biyu, bayan an ƙara mata magani ta fara cewa jiri na ɗibarta in ta miƙe daga sujada. Na auna na ga 104/62. Na kira likita ya rage. A nan na gane cewa ba saukarwa kawai ake nema ba. In jinin tsoho ya sauka da yawa, ƙwaƙwalwar da ake son karewa ita ce ba ta samun isasshe, ga haɗarin faɗuwa. Na uku, alamar bugun zuciya marar tsari ta fito sau huɗu a mako ɗaya. Aka yi mata awon zuciya na ECG aka ce ba mai haɗarin ba ne, amma likita ya ce na kyauta da na kawo, domin akwai nau'in da ke sa jini ya dunƙule a zuciya, gudan ya tafi ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa.

Akwai abin da ya kamata in faɗa ƙarara, saboda wani yaron kantin magani ya so ya ruɗe ni da shi. Wannan na'urar ba ta auna jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, ba ta kuma gano cutar mantuwa. Ƙarfin bugun jini a damtse take aunawa, shi ke nan. Kuma in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, ba lokacin neman batir ba ne, asibiti za a nufa nan take ko da abin ya wuce kafin a sami mota. Yaron kuwa wasu ƙwayoyi ya ɗauko mini na ganyen ginkgo, ya ce suna "wanke jijiyar kai", kwalba ɗaya ta kusa rabin kuɗin na'urar. Na tambayi likita ya ce kar in soma, musamman tun da tana shan maganin tsinka jini. Da na bincika sai na ga a 2008 an fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka, tsofaffi 3,069 aka bi kimanin shekara 6, kuma ginkgo bai hana mantuwa ba.

Abin da ke da hujja a bayansa shi ne wanda ba shi da armashi, wato saukar da jinin. A 2019 gwajin SPRINT MIND a Amurka ya nuna cewa waɗanda aka matsa wa lambar sama ta jininsu ƙasa da 120 sun fi waɗanda aka bari a ƙasa da 140 tsira daga raunin tunani na farko-farko da kashi 19 cikin 100, ko da yake a kan cikakkiyar mantuwa sakamakon bai kai a kafa hujja ba. Wanda ya fi burge ni na ƙauyukan Sin ne, da aka wallafa a 2025: mutum kusan 34,000 a ƙauyuka 326, kuma ba manyan likitoci ne suka kula da su ba, ma'aikatan lafiya ne na ƙauye da aka horar. Bayan shekara 4, mantuwa ta ragu da kashi 15 cikin 100 a inda aka dage da saukar da jini. A nan gida ma akwai binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta. Ya nuna hawan jini ne kan gaba, nesa ba kusa ba, a abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki a cikinmu, kuma ƙarin gishiri a kan abinci da ƙarancin cin ganye suna cikin jerin. Tun da na ga haka zogale da rama da alayyahu suka yawaita a gidan, dunƙule ya koma ɗaya a tukunya maimakon uku. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada gishirin mutum ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya. Hajiya ta yi mako tana cewa miyar asibiti nake ba ta.

To ta warke? A'a. Adashin ya koma hannun wata, kuma ba ta shiga madafa ita kaɗai. Amma matsakaicin awonta yanzu yana wajen 132/80, kuma a wata 14 ɗin nan ba mu ga ta sauko wani matakin ba. Ba zan rantse cewa na'urar ce ta yi wannan ba. Magani ne da ake sha kullum, da ikon Allah. Na'urar dai ita ce ta hana mu yaudarar kanmu.

Lamba 2 ɗin nan da ke gefenta ta yi wata biyar ba kowa a kai. Wata rana don in nuna wa Hajiya cewa matsewar ba ta kashe mutum, na ɗaura a damtsena. 152/96. Na ce gajiya ce, na dawo daga makaranta da rana. Na yi kwana 7 ina aunawa safe da dare yadda nake yi mata, matsakaicin ya tsaya a 146/94, alhali a awon gida daga 135/85 ake fara lissafa shi hawan jini. Shekaruna 46, kaina bai taɓa sarawa ba, ko jiri ban taɓa ji ba. Likitan Hajiya ya dubi shafin nawa ya fi daɗewa a kai fiye da nata. Ya ce fararen tabon da ya nuna mini a hotonta ba a shekara 68 aka fara su ba, a irin shekaruna ake farawa. Wata tara ke nan ina shan ƙwaya ɗaya kowace safiya, a kofi ɗaya muke zuba ruwa ni da ita.

Don haka in za a tambaye ni wa ya kamata ya saya, ba zan ce sai mai tsoho a gida ba. A nemi ta damtse, a auna damtsen tukuna, a sayi batir mai kyau da littafi, kuma a sa hannun kowa a ciki.

Yaya ne ya fi kowa kunnen ƙashi. Shekarunsa 51, duk Juma'a yana zuwa gaishe ta bayan masallaci, kuma duk lokacin da na ɗauko jakar sai ya ce, "Ni lafiyata ƙalau, ku da kuke da ciwo ku auna." Juma'ar da ta wuce ina naɗe tiyon bayan na gama da ita, sai Hajiya ta dube shi ta ce, "Kai, miƙo hannunka." Ba ya musu da ita. Ya naɗe hannun babbar riga ya zauna, na ɗaura. Na'ura ta fara ƙugi, ya buɗe baki zai yi mini tsiya, ta ɗaga masa carbi. "Shiru. Ba a magana in tana aiki." Ta nuna 161/99. Ya ce batir ne ya yi sanyi. Na canza sababbi a gabansa, muka jira minti biyar, ta nuna 158/98. Jakar tana gidansa yanzu, na ba shi aron kwana 7 tare da sabon littafi, kuma na gaya wa matarsa ta ɓoye goron.